Awon Inuwa a Gidan Ladan

Rodin nan da ke kafe a tsakar gidanmu ba da shawarata aka kafa shi ba. Na dawo daga barkar haihuwa a Ƙofar Jatau na tarar an huda simintin da nake shanya gyaɗa a kai, an dasa ƙarfe mai tsayin mutum a tsakiyarsa, uba da 'ya sun tsuguna suna kallon ƙasa kamar masu neman allura. Na tambayi abin da ke faruwa, aka ce mini kimiyya ce.

"Kimiyyar ba ta samu wurin zama ba sai inda nake neman abincina?"

Malam ya yi dariya, bai ko ɗago ba. Mijina ke nan, wanda mutanen unguwarmu ta Kusfa ke kira Malam Aƙilu Ladan. Shi ke kiran salla a masallacin layinmu, tsakanin salla da salla kuma yana zaure yana aikin allura a wuyan babbar riga. Bai taɓa zama a ajin boko ba. Amma ranar da yarinyarmu ta zo da aikin gida, wai malamarsu ta ce kowa ya kafa sanda ya riƙa auna inuwarta da tsakar rana yana rubutawa, sai ka ce an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ce ai wannan sana'ar gidansu ce. Mahaifinsa da kakansa duk ladanai ne, ba su san agogo ba, da ƙafa suke auna inuwa su gane lokacin azahar da la'asar. Shi ma an koya masa yana yaro, agogo da waya suka zo suka kashe masa kasuwa, yau ga 'yan boko sun dawo suna nema.

Yarinyar, ubanta da kowa Radiya suke kiranta. Ni "ke" nake ce mata. 'Yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah Ya bar mana, ni kuwa a gidan da na taso uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa ko da ya sauko da wata daga sama. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na yi. Ina sonta har cikin ƙashina, amma shekara goma sha huɗu ban taɓa bari ta gani ba, kuma ina alfahari da hakan.

Da yake tana makaranta da tsakar rana, Malam ne ya ɗauki aikin sa alama. Sha biyu na yi zai ajiye allura ya shigo ya tsuguna gefen rodin da ƙusa a hannu. Inuwar tana kwance ta wajen arewa, tana gajarta, tana gajarta, sai ta tsaya cak, kafin ta fara tsawo kuma. Wannan tsayawar ita yake kira zawali. Nan zai ja ɗan layi a kan siminti, ya tashi ya yi alwala. Ƙarfe biyu in ta dawo, ko hijabi ba ta cirewa sai ta ɗauko tef ɗinsa na awon riga ta auna daga gindin rodi zuwa sabon layin, ta rubuta a littafi. Kowace rana layin yana matsowa kusa da rodi da kamar faɗin ɗan yatsa.

'Yan ajinsu mako biyu suka yi suka watsar. Ita da ubanta kuwa sai abin ya zame musu kamar ci da sha, saboda wata magana da Malam ya yi mata.

"Akwai ranar da rodin nan zai tsaya tsakar rana ba shi da inuwa ko ƙwaya," in ji shi. "A tsakiyar bazara ne. Washegari kuma inuwar ta tsallaka kudu."

"Baba, da gaske?"

"Kakanki ya nuna mini da idona. Tambayi malamarku in boko ya san da haka."

Ta tambaya, boko ya sani. Malamar ma ta ce in ta cika littafin har zuwa ranar, da kanta za ta sa sunanta a ajin kimiyya in sun shiga babbar sakandare. Duk ina madafa ina jin su, na yi kamar ban ji ba. Sau ɗaya tak ta ce mini, "Umma, riƙe mini bakin tef ɗin nan," ranar da ubanta ya je jana'iza. Na ce hannuna da mai. Ba ta sake tambaya ba.

A ƙarshen Fabrairu Malam ya gama kiran asuba ya zauna a bakin masallaci, ya kasa tashi. Kwana uku ya yi a asibiti, Allah Ya karɓi abinsa.

Gida ya cika da 'yan gaisuwa, aka shimfiɗa tabarmi ko'ina, har kan layukan. Bayan sadakar bakwai kowa ya watse, aka bar ni da yayar Malam, Gwaggo Mero, wadda ta zo taya ni zaman takaba. Yarinyar ta koma makaranta, amma jikinta kawai ke zuwa. In ta dawo ta wurgar da jaka ta shige ɗaki, ta zagaye rodin ba ta ko kallonsa. Abinci sai dai a ɗauke kwano yadda aka ajiye.

Malamarsu, Malama Fa'iza, ta zo mini ta'aziyya. Da za ta tafi ta rage murya.

"Maman Radiya, akwai maganar da nake so mu yi."

Na sunkuyar da kai, don ban saba a haɗa ni da sunan a gabana ba.

"Yarinyar nan ita ce kan gaba a ajina. Jiya na yi musu gwaji, farar takarda ta miƙo mini. Ta ce ta bar kimiyya, ba ta ma ga amfanin makarantar ba. Jarrabawa ta kusa. Ki riƙa zama da ita, ko tambayarta kawai ki yi me aka koya musu yau."

Na ce to. Ban san ta inda ake fara wannan ba. Ni aji huɗu na firamare na tsaya, kuma ko da na yi digiri, bakina bai san hanyar ba.

Washegari ina tankaɗe na ji takun yarinyar ya tsaya a tsakar gida. Na leƙa, na gan ta tsugune gefen rodin tana ƙirga wani abu da yatsa. Ta miƙe a guje ta ɗauko tef da littafi. Ta daɗe tana awo tana rubutu, sannan ta zo ta tsaya a ƙofar madafa, idonta jajir.

"Umma, na gode."

"Da me?"

"Alamun. Ba ki tsallake ko rana ɗaya ba."

Da ta shiga ɗaki na je na duba. Sababbin layuka ne reras, farare, suna biye da na Malam, kowanne ya matso da faɗin ɗan yatsa. Har na kwanakin da yake kwance a asibiti, har na kwanakin da tabarmin 'yan gaisuwa ke shimfiɗe a wurin. Ni dai ban taɓa ƙusa ba. Gwaggo Mero kuwa gwiwarta ba ta tsugunno. Na buɗe baki zan kira yarinyar in gaya mata ba ni ba ce, sai na ji ƙarar cokali a kwano. Tana cin tuwo, karo na farko tun rasuwar. Na rufe bakina.

Kashegari da ta tafi makaranta, sha biyu na yi na tsaya a bayan labulen taga. Gwaggo tana barcinta na rana. Zafin bazara ya danne gari, kaji sun laɓe ƙarƙashin rumfa baki buɗe, ko kukan akuya babu. Ba kowa a tsakar gida sai rodi da 'yar inuwarsa.

Ban ga zuwan abin ba. Na ƙifta ido ne kawai, sai ga wata inuwa a gefen rodin, shimfiɗe a kan siminti, babu mai ita. Inuwar mutum ce a tsugune, da hula, kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka, yadda shekaru talatin na aikin allura suka karkatar da shi. Na ɗaga kai na duba sama, ko tsuntsu babu, ko gajimare. Inuwar ta zauna shiru tana jira. Can sai hannunta ya miƙa, na ji ƙirrr, ƙarar ƙusa a kan siminti, gajeriya. Na sake ƙifta ido, babu komai sai sabon layi da ɗan farin gari a gefensa.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na zauna a ƙasa ina salati. Na san mamaci ba ya dawowa, mijina ladan ne, a gidan karatu na zauna shekara goma sha shida. Na kuma san abin da tsofaffi ke faɗa game da masu yawon tsakar rana. Amma na san kafaɗar nan.

Washegari na sake tsayawa, na karanta duk abin da na haddace da ƙarfi. Inuwar ba ta gudu ba. Sai ma na ga kan ya ɗan karkata wajen tagar, yadda yake yi in wani na karatu yana sauraren inda zai gyara masa. Da na kai aya ta miƙa hannu ta ja layinta. Asabar da Lahadi, da yarinyar ke gida tana sa alamar da hannunta, ba abin da ke zuwa.

A mako na biyu Gwaggo Mero ta farka da wuri, muna zaune tare a ɗaki ta ji ƙarar. Ta dogara sanda ta fita, ta ga layin da garinsa, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Hajo, tun yaushe?"

"Tun rasuwa."

"Kika yi shiru? Kina zaune da iskoki a gida, da yarinya budurwa? Yau ɗin nan zan aika a kira Haidar ya zo da guduma ya tuge ƙarfen nan a jefa shi bayan ganuwa."

Haidar ɗanta ne, maƙeri, aikin minti biyar ne a wurinsa. Ni da na yi wata biyu ina tsine wa rodin nan kullum na yi tuntuɓe da shi, sai na ji na miƙe tsaye.

"Gwaggo, duk wanda ya taɓa rodin nan sai ya fara tuge ni."

"Ke kuma? Yaushe kika fara kula da shirmensu?"

"Yarinyar tana cin abinci. Jiya har fitila ta kunna ta yi karatu. In an cire shi me zan ba ta a madadinsa?"

"Ki ba ta uwa mana," in ji Gwaggo. "Ke da ko sunanta ba kya iya faɗa."

Maganar ta soke ni, na kuwa ji haushinta ƙwarai. Ba ta kira Haidar ba. Ta dai turare gidan da habbatussauda, kuma daga ranar, sha ɗaya da rabi na yi sai ta ja sandarta zuwa maƙwabta, ba ta dawowa sai an yi azahar.

Ni kuwa sai na kasa daina kallo. Daga taga na koma bakin ƙofa, daga bakin ƙofa na jawo kujera 'yar tsuguno har ƙarƙashin rumfa. Tsoron bai tafi ba, kullum sai tsigar jikina ta tashi. Amma mutum ba zai yi wata guda yana kallon abu ɗaya bai koyi komai ba. Na fara gane lokacin da inuwar rodin ke rage sauri, da lokacin da take tsayawa. Har na kan ce a raina "yanzu", sai in ji ƙirrr.

Da yamma yarinyar ta fara zama kusa da ni in ina murza ƙuli. Tunda a ganinta ni ke sa alamar, sai ta ɗauka ina son jin bayani. Ta ɗauko lemo ta soka masa tsinke, ta karkata shi, ta zagaya da shi gefen fitila, wai haka duniya ke yi wa rana. Na ce duniyar ba ta jin jiri? Ta yi dariya har da riƙe ciki. Malama Fa'iza ta aiko a gaya mini, ko me nake yi in ci gaba. Ina jin daɗi, ina jin kunya, don yabon ba nawa ba ne nake ci.

Ni na fara lura da abin da ke tafe. Ba inuwar rodin kaɗai ke gajarta ba. Wadda ke tsugune gefensa ma kullum raguwa take. A farko ta kai faɗin tabarmar salla. Da Maris ya ƙare ta dawo kamar faifai, hular da kafaɗar duk suna nan, sun dai ƙanƙance. Ranar da na gane lissafin ban iya cin abinci ba.

Wata Talata a tsakiyar Afrilu yarinyar ta auna, ta duba littafi, ta ce, "Umma, gobe ne." 'Yan ajinsu ba a ba su hutu ba saboda jarrabawa, kuma goben akwai gwaji, ba halin zama gida. Da safe ta tsaya a zaure da jakarta.

"Ki gani mini. Ki duba da kyau, in na dawo ki gaya mini komai."

Ranar ban zauna a rumfa ba. Na fito tsakiyar rana na tsaya gefen rodin, siminti na ƙona mini tafin ƙafa. Inuwar katanga ta shige cikin katanga. Turmi ya zauna a kan inuwarsa ya ɓoye ta, randa ma haka. Gidan duk ya yi wani irin fayau, kamar hoton da aka zana aka manta a ƙarasa. Inuwar rodin ta rage kamar ƙwayar wake a gindinsa.

Inuwar Malam tana nan, ba ta fi tafin hannu ba, dab da yatsun ƙafata. Ban taɓa matsowa kusa haka ba. Na tsuguna, na ji ƙamshin sabuwar shadda da alli, irin wanda ke jikin rigarsa in ya shigo daga zaure.

"Malam," na ce, "ni ban iya ba."

Ƙwayar waken nan ta shige cikin ƙarfe, rodi ya tsaya tsirara ba inuwa ko ɗigo, kamar yadda ya faɗa. Na duba ƙasa, tawa inuwar ta shige ƙarƙashin ƙafafuna ta laɓe. Tasa ba ta da ƙafar da za ta shige. Ta dawo kamar kwabo, ta dawo kamar ƙwayar gero, sai siminti kawai. Ban ji ƙirrr ba, don babu abin da za a ja wa layi. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Da yarinyar ta dawo na gaya mata na rodin, da na turmi, da na randa, da yadda tawa ta ɓuya. Ta rubuta duka, ta sa sifili babba a littafin. Sauran ban faɗa ba.

Washegari sha biyu na yi na fito na zauna. Na jira. Kaji suka shige rumfa, gari ya yi tsit, ba abin da ya zo. Na san ba zai zo ba, amma na ci gaba da kallon wurin har sha biyu da kwata ta wuce. Sai na tuna ƙarfe biyu yarinyar za ta shigo ta tsuguna ta tarar babu layi, ta gane ƙaryata, ta gane kuma wannan karon ya tafi gaba ɗaya. Na tashi na shiga zaure na lalubo ƙusarsa a cikin gwangwanin allurai.

Na tsuguna ta arewa inda layukan suke, ban ga inuwa ba. Na ce shi ke nan, na makara, ko kuwa ya tafi da ita. Sai maganarsa ta dawo mini, wadda na ji daga madafa na yi kamar ban ji ba. Na zagaya ta kudu. Ga ta nan, 'yar mitsitsiya, ta leƙo daga gindin rodi a gefen da babu layi ko ɗaya. Na zuba mata ido, gumi na shiga mini ido, tana raguwa, tana raguwa, ta tsaya. Na ce "yanzu", na danna ƙusa na ja.

Ƙarfe biyu yarinyar ta shigo. Ina madafa ina matsar mai. Ta nufi kudu kai tsaye, ta tsuguna, ta daɗe ba ta motsa ba. Na kasa haƙuri na fito.

"Ba daidai ba ne?"

"Daidai ne." Ta shafa layin da yatsa. Ya karkace, ya yi zurfi kamar an sari kabewa. "Wannan ne naki na farko, Umma."

Na dubi layin nawa, na dubi sauran.

"Baba ba ya danne ƙusa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Shafa ta yake yi, kamar allura. Tun ranar farko na gane hannunsa."

"To don me kika yi mini godiya?"

"Da na faɗa, da kin sa an tuge rodin." Ta goge hanci da gefen hijabi. "Kuma na ce in kina tsammanin na ɗauka ke ce, wata rana dole ki fito ki duba."

Ta warware tef ɗin, ta ɗora bakinsa a gindin rodi, iska ta ɗage shi. Ta sake ɗorawa, ya sake zamewa. Ba ta ce in riƙe mata ba, ta riga ta taɓa tambaya sau ɗaya. Hannuna da mai, har gwiwar hannu. Na goge a zanen takabata, na tsuguna, na danne bakin tef ɗin da babban yatsa.

"Nawa kika samu, Radiya?"

Ta ɗago ta dube ni. Sunan ya fito mini a karkace kamar layin da na ja. Ta mayar da kai ƙasa da sauri, hawaye na ɗiga a kan siminti yana bushewa nan take.

"Santimita ɗaya," ta ce. "Umma, ki daina motsa hannu."